Yadda Na Buɗe Wani Tsohon Fayil ɗin Kiɗan Amiga Marar Tambari

Fayil ɗin ya zo hannuna ne a cikin hoton wani tsohon faifan kwamfutar Commodore Amiga, wanda wani abokina mai tara irin waɗannan kayayyaki ya turo mini tare da tambaya guda, wato ko zan iya gane abin da ke ciki. Irin wannan hoto ana kiransa ADF, kuma girmansa bayit 901,120 ne (bayit shi ne ƙaramin ma'aunin bayanan kwamfuta, kimanin harafi guda), domin kwafi ne na ilahirin faifai mai ɗaukar kilobayit 880, har da wuraren da ba a rubuta komai ba. Da na fito da abin da ke cikinsa sai na tarar da fayiloli kaɗan, ɗaya daga ciki sunansa ya fara da "mod." sannan wata kalmar Jamusanci ta biyo baya. Masu amfani da Amiga sun saba sanya alamar nau'in fayil ɗin kiɗa a farkon suna maimakon ƙarshensa, saboda haka tun daga nan na kyautata zaton kiɗa ne. Sai dai manhajojin sauraro da nake da su a kwamfuta duk sun ƙi shi, umarnin file na Linux kuma, wanda aikinsa shi ne faɗin nau'in fayil, bai ce komai ba illa bayanai ne da aka matse.

Na san akwai manhajoji irin su OpenMPT da xmp waɗanda aka gina musamman domin tsofaffin fayilolin kiɗa, kuma mai yiwuwa da na miƙa musu shi da sun kaɗa shi nan take. Na ajiye su gefe da gangan zuwa ƙarshen aiki domin su zama alƙalai, saboda abin da aka tambaye ni shi ne abin da fayil ɗin ya ƙunsa, kuma jin kiɗa yana tashi daga lasifika ba ya amsa wannan tambaya.

Na buɗe shi da manhajar da ke nuna kowane bayit a lissafin tushe goma sha shida, wanda masu aikin suke kira heks. Bayit huɗu na farko haruffa ne da ake iya karantawa: PP20. Wannan tambarin PowerPacker ne, manhajar matse fayil da Nico François ya rubuta, wadda ta yi tashe ƙwarai a duniyar Amiga a lokacin da kowane kilobayit na faifai yake da daraja. Bayan tambarin sai bayit huɗu, 09 0A 0C 0D, masu nuna ƙarfin matsewar da aka zaɓa, a can ƙarshen fayil ɗin kuma akwai wasu huɗu da uku daga cikinsu suke faɗin girmansa na asali. Abin sha'awa game da wannan tsari shi ne daga ƙarshe ake warware shi a yi baya zuwa farko. Ban ɓata lokaci a nan ba, tunda an daɗe da sanin yadda PowerPacker yake aiki kuma akwai kayan warware shi kyauta. Abin da ya fito bayit 74,308 ne, daidai da adadin da bayit ukun nan suka yi alkawari.

Duk wanda ya taɓa mu'amala da fayilolin MOD, wato irin waɗannan fayilolin kiɗa na Amiga, ya san wuri na farko da ake dubawa, wato matsayi na 1080 idan aka ƙirga bayit daga farkon fayil, inda ProTracker, wata manhajar tsara kiɗa a Amiga, da 'yan uwansa suke rubuta haruffa huɗu na shaida, galibi M.K. Da wannan tambari ne yawancin manhajoji suke gane fayil ɗin. A nawa babu shi. Abin da ke wurin wasu lambobi ne da suka yi kama da tsakiyar bayanan kiɗa. To a nan aikin gaske ya soma, domin fayil marar tambari ba ya faɗin sunansa, sai dai a gane shi daga yadda sassansa suka jeru.

Na koma farko. Bayit 20 na farko sunan kiɗan ne, an cike ragowar da sifili. Daga matsayi na 20 sai ga rubutu: st-01:bassdrum2. Na tsallake bayit 30 sai ga wani, st-01:bigbow, na sake tsallake 30 sai st-01:ringpiano. Da na ci gaba da ƙirgawa sai jerin ya tsaya a gurbi na 15, waɗansu guraben ma babu komai a cikinsu, alhali fayil ɗin ProTracker yana da gurabe 31. Wannan ya mayar da ni ga kakan dukkan waɗannan manhajoji, wato Ultimate Soundtracker, wadda Karsten Obarski, wani Bajamushe mai rubuta manhaja da kiɗan wasannin kwamfuta, ya fitar a 1987, shekarar da Amiga 500 ta shigo kasuwa. Manhajarsa kayan kiɗa 15 kawai take ɗauka, kuma ba ta sanya wani tambari, domin a lokacin babu wani nau'in da za a rikita shi da nata. Kalmar st-01 da ke gaban kowane suna kuwa sunan faifai ce, faifan sautuka da ake bayarwa tare da manhajar. A farkon zamani fayil ɗin kiɗa ba ya ɗauke da sautin ganga ko na fiyano a cikinsa. Suna kawai yake riƙewa, manhajar ta nemi a saka mata faifan da ake magana ta ɗauko. Daga baya ne aka riƙa haɗa komai wuri guda, amma sunayen suka zauna yadda suke.

Kowane gurbi na bayit 30 an raba shi ne kamar haka: 22 na suna, biyu na tsawon sautin, biyu da suka ƙunshi ƙarfin murya daga 0 zuwa 64, biyu na inda maimaici yake farawa, biyu kuma na tsawon maimaicin. A nan akwai abubuwa biyu da dole a kiyaye. Ƙwaƙwalwar lissafin Amiga, Motorola 68000, tana rubuta babban bayit kafin ƙarami, akasin kwamfutocin da muke amfani da su a yau. A wani gurbi na ga 11 94 a wurin tsawo. Idan aka karanta yadda Motorola take nufi 4,500 ne, idan kuma aka juya shi yadda Intel take yi sai ya zama 37,905, wanda ya fi rabin fayil ɗin gaba ɗaya. Abu na biyu shi ne ba da bayit ake auna tsawon ba, da tagwayen bayit ake aunawa, domin na'urar sautin Amiga bayit biyu-biyu take ɗiba daga ma'adana. Ke nan 4,500 ɗin nan bayit 9,000 ne.

Suna mai bayit 20 da gurabe 15 masu bayit 30 sun kai mu matsayi na 470. A wurin na ga 12 a heks, wato 18, wanda shi ne yawan matakan kiɗan. Na 471 yana ɗauke da 78, wato 120, lambar da manhajar take rubutawa idan mai kiɗan bai taɓa saurin ba. Daga 472 zuwa 599 kuma jadawali ne mai gurabe 128 da ke faɗin shafin da za a kaɗa a kowane mataki, kuma ana iya maimaita shafi guda sau da yawa, wanda shi ne sirrin ƙanƙantar waɗannan fayiloli. Babu inda aka rubuta yawan shafukan. Sai mutum ya nemi lamba mafi girma a jadawalin ya ƙara ɗaya, tunda daga sifili ake fara ƙirga. A nawa mafi girma 11 ce, shafuka 12 ke nan. Kowane shafi layi 64 ne, kowane layi murya huɗu (wato sautuka huɗu da za su iya tashi lokaci guda), kowace murya bayit huɗu, jimla 1,024. Sai na yi lissafin da ya zama hujjata mafi ƙarfi a duk aikin: bayit 600 na kan fayil, da 12,288 na shafuka, da 61,420 da na samu bayan na tara tsawon dukkan sautukan, sun ba da 74,308, babu ragi babu ƙari. Fayil ɗin da ba na wannan tsari ba zai yi wuya ya dace da irin wannan lissafi har zuwa bayit na ƙarshe.

Tun da na san inda sautukan suke farawa, wato matsayi na 12,888, sai na shigar da su Audacity, manhajar gyaran sauti, ta hanyar shigar da ɗanyen bayani, na gaya mata bit 8 ne, murya ɗaya, masu alamar ɗebewa da tarawa, daga -128 zuwa 127. Wannan zaɓi na ƙarshe yana da muhimmanci, domin fayilolin sauti na WAV masu bit 8 daga 0 zuwa 255 suke ƙirgawa, kuma idan aka karanta na Amiga da wannan ma'auni abin da ake ji ƙara ce mai tsaga kunne. Da aka daidaita sai sautukan suka jeru ɗaya bayan ɗaya, ganga da farko, sannan wani dogon sauti mai kama da na goge, sannan fiyano mai ƙarar ƙarfe, kowanne bai wuce sakan ɗaya da 'yan kai ba.

Shafukan su ne suka fi ɗaukar hankalina, domin a cikinsu ne mutum yake ganin cewa wannan tsari hoton na'urar ne kai tsaye. Sautin Amiga yana fitowa daga wani guntu mai suna Paula, wanda yake da muryoyi huɗu, kuma Paula ba ta san wani abu wai shi do ko re, wato sunayen sautukan kiɗa, ba. Abin da ta sani shi ne tazara, wato bugun agogo nawa za ta jira kafin ta fitar da bayit na gaba. Layin farko na shafin farko ya fara da 01 AC 30 00. Idan aka ɗauki 1AC aka mayar da shi lissafin yau da kullum 428 ne, 3 ɗin da ke biye lambar kayan kiɗa ce, sifilan ƙarshe kuma suna nufin babu wani umarni na musamman. A Amiga ta Turai agogon yana bugawa kimanin sau 3,546,895 a sakan, idan aka raba da 428 sai a sami bayit 8,287 a sakan, wanda shi ne sautin C na tsakiya a manhajar. Rabin wannan tazara, 214, yana ba da sauti iri ɗaya a hawa na sama, ninkinta kuma, 856, yana ba da na ƙasa. Ƙaramar lamba ita ce siririyar murya, babba kuma kakkaura, kuma hawa uku kacal manhajar take da su, daga 856 zuwa 113. A Amiga ta Amurka agogon ya ɗan fi sauri, shi ya sa 428 take ba da 8,363 a can, lambar da har yau ake gani a manhajojin kiɗa da yawa ba tare da masu amfani da su sun san asalinta ba.

Lokaci ma daga na'urar aka aro shi. Talabijin ɗin Turai ta wancan zamani tana sabunta hoto sau 50 a sakan, manhajar kaɗa kiɗan tana farkawa sau ɗaya a kowace sabuntawa, kuma bayan farkawa shida take matsawa layi na gaba. Layi guda sakan 0.12 ke nan, shafi guda sakan 7.68, matakai 18 kuma minti biyu da sakan 18 da ɗoriya.

Da wannan sani na rubuta gajeriyar manhaja da harshen kwamfuta na Python wadda take bin jadawalin, tana karanta layuka, tana haɗa muryoyin huɗu ta fitar da WAV. Game da umarnin da ke bayit na ƙarshe na kowace murya na bi bayanan ProTracker, tunda su ne suka cika intanet kuma kusan duk wanda ya yi rubutu kan MOD su yake kwafa. Ganguna suka fito daidai, kakkauran sauti ma haka, amma murya ta biyu da ta uku sai suka riƙa yin wani irin ƙugi, kowane sauti ya tashi sama da gudu ya maƙale a can kamar jiniyar motar asibiti. Na koma ga bayit ɗin wuraren, sai na ga abubuwa irin 01 AC 51 37, wato tazara 428, kayan kiɗa na 5, umarni na 1, da lambar 37. A ProTracker umarni na 1 yana nufin a riƙa rage tazara a kowace farkawa domin murya ta zame sama, kuma 37 a heks 55 ne. Rage 55 sau biyar a layi guda yana kai 428 zuwa 153, a layi na gaba kuma ya buge da iyakar 113. Babu mawaƙin da zai rubuta haka a kowane layi na shafi.

Abin da ya warware mini matsalar shi ne lambobin da ke biye da umarnin, domin ba su da yawa kuma suna ta maimaituwa: 37, 47, 38, 49, 59. Idan aka raba kowace gida biyu, 3 da 7 ko 4 da 7, duk mai ɗan sanin kiɗan Turawa zai gane su, saboda su ne nisan rabin-mataki da ke haɗa sauti uku su zama jituwa guda, 4 da 7 mai fara'a, 3 da 7 mai sanyin jiki. A ProTracker wannan aiki umarni na 0 ne yake yin sa. A manhajar Obarski ta asali kuwa umarni biyu ne kawai: na 1 shi ne wannan tsalle tsakanin sauti uku, na 2 kuma shi ne lanƙwasa murya sama ko ƙasa. Waɗanda suka zo daga baya ne suka sake jera lambobin. Don haka 01 AC 51 37 yana cewa ne a riƙa sauyawa tsakanin 428 da 360 da 285 sau 50 a sakan, da saurin da kunne zai ji su kamar suna tashi tare. Dabara ce ta wanda muryoyi huɗu kawai yake da su kuma ganga ta riga ta cinye ɗaya. Da na gyara wannan layi guda a manhajata sai ƙugin ya koma wata jituwa mai rawar murya, irin wadda duk wanda ya taɓa jin kiɗan wasannin kwamfuta na shekarun 1980 zai gane.

Saura matsalar maimaici, wadda ta fi wannan ɓoyuwa. Sautin nan mai bayit 9,000 an rubuta masa farkon maimaici 4,326 da tsawon maimaici 2,337. Bisa ƙa'idar ProTracker duka biyun tagwayen bayit ne, wanda zai sa maimaicin ya fara a 8,652 ya ƙare a 13,326, can cikin sautin da ke biye da shi. Amma idan aka ɗauki farkon a matsayin bayit zalla, tsawon kuma tagwaye, sai 4,326 da 4,674 su ba da 9,000 cif. Haka Soundtracker ta farko take rubutawa, kuma ba daga kan sautin take fara kaɗawa ba idan yana da maimaici, daga inda maimaicin ya fara take somawa. Sautukan da ba a so su maimaitu, kamar ganga, an rubuta musu tsawon maimaici 1. Dalili shi ne Paula ba ta iya tsayawa da kanta idan ta kai ƙarshen sauti, komawa take yi, saboda haka sai a ba ta bayit biyu kawai ta yi ta zagayawa a kansu har sauti na gaba ya zo.

A ganina nan ne mutane da yawa suke yin sakaci idan suna magana kan "tsarin MOD" kamar abu ɗaya ne mai rubutacciyar ƙa'ida. Obarski sayar da manhajarsa ya yi, amma ba a jima ba ƙungiyoyin matasa masu fasa manhajoji suka warware ta, kowa ya ƙara abin da yake so ya fitar da tasa da suna kusan iri ɗaya. NoiseTracker ta fito daga Suwidin a 1989, ProTracker kuma daga Norway a 1990, kuma a tsakanin waɗannan shekaru ma'anar lambobi ta sauya alhali wurin zamansu a fayil bai sauya ba. Fayil mai gurabe 15 zai iya fitowa daga manhajar asali ko daga ɗaya cikin jikokinta da suka riga suka karɓi sabon jerin umarni, kuma babu bayit ko ɗaya da ke faɗin wanne ne. Sai dai a tattara alamu, a duba waɗanne umarni aka yi amfani da su, da yadda lambobinsu suke, da ma'aunin maimaici, da sunayen faifai. A nawa duk alamun sun nuna wuri guda: babu umarnin da ya wuce na 2 a shafuka 12, sautukan duka daga st-01 suke, farkon maimaici kuma da bayit aka auna shi.

Daga nan na kira alƙalan. OpenMPT ta buɗe shi ta kuma bayyana shi a matsayin na Soundtracker, domin ita ma irin wannan tattara alamu take yi a ɓoye, kuma abin da ta kaɗa ya dace da nawa a tsawo da sauti. Bambancin da ya rage na launin murya ne, wanda na fahimta sosai bayan na saurari kiɗan a FS-UAE, manhajar da ke kwaikwayon Amiga gaba ɗayanta. Amiga 500 tana da matatar da ke rage kaifin siraran sautuka kafin su fita, shi ya sa nawa ya fi ƙarar ƙarfe. Haka kuma Paula tana tura murya ta ɗaya da ta huɗu kunnen hagu zalla, ta biyu da ta uku kuma dama zalla, babu tsakiya. A lasifikan ɗaki wannan ba ya damun kowa, amma da abin sauraro na kunne yana gajiyarwa, ganga a kunne ɗaya jituwa a ɗayan. Na fitar da WAV biyu, ɗaya yadda na'urar take rabawa domin ajiya, ɗaya kuma na ɗan cakuɗa ɓangarorin domin sauraro, sannan na rubuta gajeren bayani na matsayin kowane sashe da dalilan da suka sa na danganta shi ga manhajar asali, na ajiye tare da fayil ɗin PP20 ba tare da na taɓa shi ba.

A faifan akwai wani fayil kuma mai irin wannan kai na bayit 600, wanda girmansa 9,816 ne. Da aka cire 600 sai ya rage 9,216, wato shafuka tara daidai, babu ko bayit ɗaya na sauti a bayansu. Wannan shi ne tsohon salon da ke riƙe sunaye kawai, kuma gurabensa suna neman sautuka daga st-01 da st-02. Na samo faifan farko a Aminet, babbar ma'ajiyar manhajojin Amiga, na daidaita sunayen da tsawon da aka rubuta a kowane gurbi, sannan na ƙara wa manhajata ikon ɗauko sauti daga wajen fayil idan lissafin girma ya nuna babu shi a ciki.